Gilashin Kwamfuta Ya Daina Jin Yatsa

Wani mai fataucin busasshen kifi daga Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya rubuto cewa an cire wa kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka Windows an sa Linux, tsarin nan na kyauta, sai gilashin ya daina jin yatsa, ga shi da ita yake rubuta bashi.

To Malam, kada ka yi gaggawar sayen sabon gilashi. Galibi tafinta ce babu, wato 'yar manhajar da ke haɗa gilashin da tsarin. Masu arha da yawa na'urar Silead ke cikinsu, ita kuwa sai an kwafo mata fayil daga manhajar Windows. Kai wa mai gyara a Yelwa, ya nemo fayil ɗin samfurinka a intanet. Kafin nan, jona linzami ka ci gaba da lissafinka.

Masu niyyar sauyawa, ku fara gwada Linux daga filashi kafin a goge komai. Allah Ya ba da sa'a.