Motar Alfarma Da Ziyarar Fadodin Indiya

A ƙasar Indiya, attajirin da ya ƙudura niyyar ganin gine-ginen daular Mughal da fadodin sarakunan Rajasthan yakan yi hayar motar alfarma tare da direbanta, wanda zai ɗauke shi daga Delhi zuwa Agra, ya biya da shi Fatehpur Sikri, birnin da Sarki Akbar ya kafa a 1571, sa'an nan ya sauke shi Jaipur. Fa'idar wannan tsari a fili take, domin direban da ya laƙanci hanya shi ne zai faɗakar da baƙo cewa ana rufe hubbaren Taj Mahal ranar Juma'a saboda salla. Amma komai darajar mota, in dai tana fitar da hayaƙi, hukuma ta haramta mata wuce mita 500 kusa da wannan hubbare, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a 1632, don kada farin dutsensa ya dushe. Tilas attajiri ya sauka, ya taka ko ya hau motar lantarki. Wannan hukunci adalci ne, kuma wajibi ne kowane maziyarci ya kiyaye shi.