Dogon Nguru da Takardar Haraji

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, ba don maslahar talaka Nasara suka shimfiɗa dogo ba, sai don gyaɗa da ƙaro da ƙiraga su gangara Ikko. Kuma da yake haraji da jangali da kuɗi ake biyansu, ala tilas manomi ya shuka abin da kanti ke so, a farashin da kanti ya yanka. Hikimar mulkin kuwa, Bature bai cika ɗaga bulala da hannunsa ba: yana can bariki, alhali dogarin En'e ne ke tsaye ƙofar Babade a Gashuwa, yana jiran sulalla.