Jawabi Ga Iyaye A Zongon Kwatano: Yaro, Littafi Mai Hotuna Da Zaman Aji

Mun san wasu sun baro sana'a, wasu sun baro tukunya a kan wuta, don haka ba za mu tsawaita ba. Jami'ar kare haƙƙin 'yan gudun hijira ta ce yau mu da muke yi mata tafinta mu yi muku magana da Hausa kai tsaye, tunda zancen na 'ya'yanmu ne.

Tun da aka koma lakwal, iyaye da dama sun kawo mana kuka iri ɗaya: yaro ya ƙi zuwa makaranta. Wata uwa ta zo da ɗanta mai shekara 8. Kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta kai ga bulala, bai ce komai ba. Mu ma muka tambaye shi, ya sunkuyar da kai. Da muka koma cike takardar uwar, sai muka miƙa masa wani littafi mai hotuna don ya samu abin yi. Can sai ya ɗora yatsa a kan hoton yara suna ƙwallo, ɗaya yana tsaye jikin bango, ya ce: "Wannan ba ya jin abin da suke faɗa." Muka ce, to me ya sa bai shiga ba? Ya ce: "In ya yi magana dariya za su yi masa." Uwar ta yi shiru. Wata biyu tana neman maganin ciwon ciki, ashe ciwon a filin wasa yake.

Yaro ba ya iya cewa "ni ne aka ware", amma yana iya faɗin halin yaron da ke cikin hoto. Amfanin irin wannan littafi ke nan, kuma wasu sun riga mu ganewa. A 2012 ƙungiyar duniya mai kula da littattafan yara, wato IBBY, ta fara tara littattafan da babu rubutu a cikinsu, hoto zalla, saboda yaran da ke sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya bayan sun tsallako teku. Yaran ba harshensu ɗaya ba, amma kowa yana karanta hoto da nasa harshen.

Saboda haka, iya, kada ki ce ba ki yi boko ba. Baba, kada ka ce ba ka jin Faransanci. Wanda ya iya tatsuniya ya iya wannan aiki. Ga yadda muke roƙo a yi.

Bayan magariba, a zaunar da yaro kusa, a bar shi ya riƙe littafin da kansa. A tambaye shi: wa ka gani a nan? Me yake ji a ransa? Da kai ne a wurin, me za ka yi? A yi hirar da harshen gida, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Gurmanci. Faransanci aikin malamin lakwal ne, zai koya masa. Kada a yi masa gyara, kada a katse shi. In kuma ya ga hoton wuta ko mai bindiga ya firgita, ko ya daina magana, a rufe littafin, a rungume shi, washegari a zo a same mu. Wasu yaranmu sun ga abin da babba ma bai iya mantawa ba.

Littattafan suna nan kusa. A nan Kwatano akwai gidan ɗab'i mai suna Ruisseaux d'Afrique, na Madam Béatrice Lalinon Gbado, wanda ke buga littattafan yara da hotunan mutane da kasuwanni irin na ƙasar nan. Wanda ke da babbar waya zai samu African Storybook a intanet, kyauta ne, kuma akwai labarai da Hausa a ciki. Muna da 'yan kaɗan a akwati, ana ara a dawo da su. Wanda bai samu ko ɗaya ba, kayye da fensir sun isa. A ce wa yaro ya zana ajinsu, kowa da sunansa, kowa da gaisuwar gidansu. Bayarabe ya ce "e karo", Badande ya ce "fofo", mu mu ce "ina kwana". In bai san gaisuwar Fon ba, gobe ya tambayi na kusa da shi a benci. Da wannan tambaya abota ke farawa. In ya ƙirga, zai ga ajin nan dama ba mutum iri ɗaya ne a ciki ba, kuma yawancinsu ba da Faransanci aka yi musu goyo ba, a lakwal suka same shi kamar yadda shi ma zai same shi.

Ku kuma ba su labarin unguwar da muke ciki. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya huta. Fataken Hausa da ke tafiya Gwanja sayen goro ta Paraku da Jugu suke bi, kuma inda suka yada zango nan unguwa ke tsirowa. Wannan suna da ke kan unguwarmu, da babban masallacinta, shaida ne cewa wurin saukar baƙi ne tun asali. Yaron da ya san haka, in an kira shi baƙo ba zai ji kamar an zage shi ba.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Namu ma suna da laifi wani lokaci. Akwai yaran da ke dawowa gida suna kiran abokan ajinsu arna. A ajin nan akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai 'ya'yan masu bin Vodun, wanda ƙasar nan ta ware wa ranar hutu a watan Janairu. Yaro ya riƙe sallarsa, ya kuma riƙe bakinsa. In hoto ya nuna mai sutura ko ibada dabam da tamu, nan ne wurin koya masa cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko addininku ba ɗaya ba. Wanda ya raina masu masauki, zama zai yi masa wuya.

Abu na ƙarshe, ku san haƙƙinku. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 22, ta ce a karatun firamare ɗan gudun hijira daidai yake da ɗan ƙasa. Gwamnatin Benin kuma ta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2006. In an mayar muku da yaro saboda rashin takardar haihuwa, ko ana dukansa, ko ana tsangwamarsa, kada ku zaunar da shi a gida, kada ku tura shi talla Dantokpa. Ku zo mu tafi tare wurin shugaban makarantar, mu za mu yi tafinta.

Yaron da muka ba ku labarinsa ya koma aji. Har yanzu Faransancinsa bai nuna ba, amma a zanen da ya kawo mana makon jiya, yaron da ke jikin bango ya zama mai tsaron gida.

Mai tambaya ya tsaya bayan addu'a. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kawo zaman lafiya a garuruwan da muka baro. Wassalamu alaikum.