Man Bilicin da Lafiyar Fatarmu



Mu da muke wuni a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi muna ganin abin da ya fi tafiya a rumfunan kayan kwalliya. Man bilicin ne, musamman wanda ake haɗawa a roba, babu suna, babu lambar NAFDAC. Za a kai amarya, sai a ce a wanke ta cikin sati biyu. To abin ya kai har jarirai ana shafa wa, wai don kada dangin miji su ce yaro ya yi baƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna shafa irin wannan mai. A 2023 NAFDAC ta ce lamarin ya zama na gaggawa a ƙasa. A watan Mayun 2025 kuma, babban taron lafiya na duniya a Janeba ya sa cututtukan fata cikin matsalolin da za a ba fifiko.

Me ke cikin robar? Wani akwai makuri, wanda ke ratsa fata ya lalata ƙoda, ya kuma taɓa ɗan da ke ciki. Wani akwai sitiroyid, shi ne ke sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, jiki ya yi nankarwa. Ranar da haihuwa ta zo da tiyata, Allah Ya kiyaye, ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Shi dai wannan sitiroyid ɗin ne ake shafa wa yaro mai makero, ƙaiƙayin ya lafa, cutar kuwa ta bazu. Ƙazuwa ma maganinta daban, kuma duk gidan ake yi wa tare. A kai yaro asibitin Sir Yahaya ko asibitin unguwa a duba shi.

Mun san akwai 'yan ƙungiya da da wannan mai suke ciyar da gida, ba za mu ci musu fuska ba. Roƙonmu dai, kada a ƙara sarin man haɗi da bashin ƙungiya. Wadda ta yarda ta bari, a ƙara mata wa'adin biya, a haɗa ta da masu man kaɗe da sabulun salo. Hunturu na tafe, kaushi da faso za su kawo masu saye.

Hajiya, muna so a sa wannan a ƙuri'a a zama mai zuwa.