Jawabin Taron Ƙungiya: Wa Ke Yanke Shari'ar Gona?

Iyayenmu dattawa, ƴan uwa ƴan cin rani na ƙasar Damagaram Takaya, barkanmu da haɗuwa.

Da yawanmu mun bar gonakinmu aro a hannun dangi, mun tafi Kano ko Agadas. Ran da rigima ta tashi, ina za mu dosa?

Farko mai gari, sannan sarkin kanto. Aikinsu sulhu ne, ba hukunci ba. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu. In abin ya gagara, sai gaban zuzu.

Tun dokar 1962, a maganar aure, gado da gona, zuzu da al'adar masu ƙara yake aiki. Shi ya sa ake zaunar masa da masana al'ada, su warware masa ita. Amma inda al'ada ta saɓa wa rubutacciyar doka, doka ce gaba. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa birnin Zinder.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye. Kafin mu koma, mu je su rubuta mana aron nan. Shaidu suna mutuwa, takarda tana nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka.