Sifilin Farko Ba Na Banza Ba Ne: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Cikar Shekara



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, da wakilan rassa da suka taso daga Maraɗi, Ƙonni, Gaya, Jibiya, Illela da Kamba, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

An ba ni ɗan lokaci in yi magana kan aikin ofis, sai na zaɓi abu ɗaya ƙarami, wato sifilin da ke farkon lamba. Wani zai ce sifili ai ba komai ba ne. To, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yanzu kusan kowane reshe yana ajiye sunayen 'yan ƙungiya a kwamfuta, cikin jadawalin Excel. Shi kuwa Excel an gina shi ne don lissafi. Duk abin da ka buga masa na lambobi zalla, ɗauka yake ƙidaya ce. A wurinsa buhu 050 da buhu 50 duk ɗaya ne, don haka sai ya share sifilin gaba ba tare da ya tambaye ka ba. A lissafin buhuna ya yi daidai. Amma lambar waya, da lambar asusun banki, da lambar katin ƙungiya ba ƙidaya ba ne, sunaye ne da aka rubuta da lambobi. Ba wanda ke tara lambar wayar Alhaji da ta Hajiya ya fitar da jimla. Suna kuwa in ka cire masa harafin farko, ya zama na wani ko ya zama ba na kowa ba.

Ga inda abin ke taɓa aljihunmu.

Na farko, waya. Lambar Najeriya guda 11 ce, da sifili take farawa. Ta Gana guda 10 ce, ita ma haka. Jamhuriyar Benin, inda da yawanmu ke sauke kaya a Kwatano, ta ƙara 01 a gaban lambobinta tun 30 ga Nuwamba 2024, suka tashi daga 8 zuwa 10. Kwaddibuwa ta yi irin wannan a 2021, lambobin salularta yanzu da 01 ko 05 ko 07 suke farawa. Duk waɗannan, in sifili ya faɗi, lamba ta lalace. Duk mun ga yadda aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. A irin wannan rana saƙon ofis shi ke gaya wa mutum kada ya ɗora albasa a mota. Wanda saƙon bai kai gare shi ba, kayansa ne za su ruɓe a bakin shinge.

Na biyu, banki. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, kuma da yawa da sifili suke farawa, wasu har biyu. In jadawali ya mayar da ita guda 9 ko 8, kuɗin adashe ko gudummawar rasuwa ba za su tafi ba. Mafi muni shi ne mai aikawa ya yi cika-fuska, ya ƙara sifilin a ƙarshe maimakon farko.

Na uku, lambar kaya ta kwastan, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke gani a takardun duwan. Lambobi biyun farko su ke nuna rukunin kaya, kuma yawancin abin da muke fatauci yana rukunin da ke farawa da sifili. Shanu 0102, tumaki da awaki 0104, albasa 0703, wake 0713, goro 0802, dabino 0804, citta 0910. Cire sifilin albasa, sai lambar ta fara da 70, rukunin gilashi ke nan. Shanu su koma 10, rukunin hatsi. Dabino ya koma 80, rukunin kuza. Takarda ta ce wani abu, mota ta ce wani abu, kun san sauran labarin.

To mene ne magani? Rigakafi ya fi. Kafin ka buga ko lamba ɗaya, ka zaɓi layin tsaye gaba ɗaya, ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka shiga Format Cells, ka zaɓi Text. Masu Excel na Faransanci za su ga Format de cellule, sannan Texte. Ka gaya masa ke nan cewa wannan layin rubutu ne, kada ya taɓa. Mai aiki da Google Sheets ya nemi Plain text. In kuwa lamba ɗaya ce kawai, ka fara buga 'yar alamar nan mai kama da waƙafi a sama, irin wadda muke sawa a kalmar 'ya'ya, sannan lambar ta biyo. Alamar ba za ta fito a gidan ba, sifilin kuma zai tsaya. Wani lokaci ɗan kore zai bayyana a kusurwa yana cewa ka mayar da ita lamba. Kada ka yarda.

Wannan hanyar tana maganin wata cutar kuma. In ka rubuta lamba da +234 a gidan da ba na rubutu ba, alamar tarawa za ta ɓace, lambar ta koma wani abu mai E+12 a ƙarshe. Kuma Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 daidai, abin da ya wuce haka sifili yake mayar da shi.

In ɓarnar ta riga ta auku fa? Mayar da layin zuwa Text daga baya ba ya dawo da sifilin da ya tafi. Sai ka buɗe sabon layi a gefe ka rubuta =TEXT(A2,"00000000000"), wato sifili 11 don lambar Najeriya, ko 10 don lambar asusu. A na Faransanci =TEXTE(A2;"0000000000") ake rubutawa, a lura da alamar da ke tsakiya, ta bambanta. Ka ja shi ƙasa, ka kwafe, ka liƙa sakamakon kaɗai ta Paste Values. Akwai kuma masu shiga Custom su jera sifilai. Wannan kwalliya ce kawai, ido zai ga sifili amma ainihin abin da ke cikin gidan bai canja ba.

A nan ne nake roƙon magatakardan rassa su yi hattara, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Jadawalinmu ba na ƙasa ɗaya ba ne. Lambar Nijar guda 8 ce ba ta da sifili a gaba, ta Cadi ma 8, ta Kamaru 9. In ka cika kowa zuwa 11, ka gyara na Jibiya ka ɓata na Maraɗi. Saboda haka kowane jadawali ya kasance da layin ƙasa, a ware kowace ƙasa kafin a yi gyara. Haka nan wajen sa lambar ƙasa: Najeriya da Gana suna zubar da sifili bayan +234 da +233, amma Benin da Kwaddibuwa suna riƙe nasu bayan +229 da +225. Bayan gyara kuma, duk lambar Najeriya da ka ga ta fara da sifili biyu, wata lamba ce ta ɓace tun wajen bugawa, a koma ga littafin rajista.

Sai fayil ɗin da banki ko kamfanin aika saƙo ke turowa mai suna CSV a ƙarshe. In ka danna shi sau biyu ya buɗe, sifilai na iya zubewa nan take, in ka adana kuma sun tafi ke nan. Ka buɗe Excel tukuna, ka shigo da shi ta Data, ka mayar da layukan lambobi Text.

Roƙona ga iyayenmu da sauran 'yan ƙungiya guda biyu ne. Kafin a watse, kowa ya biya teburin rajista a karanta masa lambarsa daga farko har ƙarshe, musamman masu layin Benin da ba su sabunta ba. Sannan duk mai aika kuɗi ya tsaya ya ga sunan mai asusu ya fito kafin ya danna.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya.