Ƙarin Jijiyoyin Jini a Ƙashi: Wa Ya Kamata Ya Fara Sa Wuƙa?

 

Rabe-raben kun san su. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya kasa ƙarin da ke tsirowa daga jijiyoyin jini a cikin ƙashi gida huɗu: himanjiyoma marar illa, efitiliyod himanjiyoma mai cin ƙashin da ke kusa da shi, efitiliyod himanjiyo'endoteliyoma wanda muke taƙaita dogon sunansa da EHE, sai anjiyosakoma, mugunsu duka, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na sankarar da ke farawa daga ƙashi ba. Abin da ya kawo ni daban ne. Na daɗe ina faɗa, wasunku sun gaji da ji: a wannan cuta, wanda ya fara ɗibar nama don gwaji shi ke yanke wa majiyyaci makoma, kuma yawancinmu bai kamata mu riƙa ɗiba ba.

Hujjata tsohuwa ce. A 1982 Henry Mankin da abokan aikinsa a Amurka suka bi bayanan majiyyata 329 masu ƙarin ƙashi da tsoka, suka ga irin ɓarnar da ɗibar samfuri ke yi, har mutum 15 aka yanke wa gaɓa ba tare da cutar ta wajabta ba. Aka yi ta gargaɗi a mujallu da tarurruka. A 1996 suka sake binciken da majiyyata 597, don a ga ko kunne ya ji. An yi kuskuren gane cutar a kashi 17.8 cikin 100. A kashi 19.3 matsalar ɗibar ta tilasta a sauya aikin zuwa wanda ya fi girma, ko a ƙara da gashi ko allurar sankara. Mutum 18 sun rasa gaɓa a banza. Shekara goma sha huɗu na wa'azi, ba abin da ya motsa. Ga adadin da nake so ku tafi da shi gida: kurakurai da matsaloli sun ninka sau 2 zuwa 12 idan an ɗibi samfurin a asibitin da ya turo majiyyaci, maimakon cibiyar da za ta yi babban aikin.

Ku lura, likitocin da aka ƙirga ɗin nan ba jahilai ba ne, kuma kayan aiki ba su yanke musu ba. Laifinsu ɗaya, ba su saba ba. Sun tsaga fata a kwance maimakon su bi tsawon gaɓa, sun ratsa tsokar da ba ta kamu ba, sun bar jini ya kwanta ya ɗauki ƙwayoyin ƙari ya kai su wani sashe. Duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi, dole a cire ta tare da ƙarin ranar babbar tiyata, saboda haka wanda zai yi tiyatar shi ya kamata ya zaɓi hanyar. Binciken Mankin ya haɗa ƙari iri-iri. Ku auna yadda abin zai kasance da ƙarin da ainihinsa jijiyoyin jini ne, wanda kana taɓa shi sai jini ya ɓalle, mai aiki ya ruɗe ya ɗinke da sauri, ya aika wa ɗakin gwaji gudan jini da ɗan ɓarɓashin ƙashi.

To, a ce samfurin ya isa lafiya. Nan ma akwai tarko. EHE da anjiyosakoma sukan fito a wurare da yawa lokaci guda, sau da yawa a ƙasusuwan ƙafa ɗaya, kuma ƙwayoyinsu sukan karɓi rinin keratin. Dattijo ya zo da ramuka uku a hoton ƙashi, rini ya nuna keratin, sai a rubuta cewa sankara ce ta bazu daga mafitsara ko ƙoda ko huhu, a ce wa iyalinsa su koma gida su yi ta addu'a. Alhali da an ƙara rinin CD31 da ERG, da an ga asalin jijiyar jini ne. Bambancin kuwa babba ne: efitiliyod himanjiyoma yawanci kankarewa ko cirewa ta wadatar da shi, mai EHE a ƙashi kuma yakan yi shekaru yana harkokinsa.

Sharon Weiss da Franz Enzinger ne suka bayyana EHE a 1982. A 2011 ƙungiyoyi biyu, ta Cristina Antonescu a New York da ta Brian Rubin a Cleveland, suka gano haɗewar ƙwayoyin gado biyu, WWTR1 da CAMTA1, wadda ake samu a kusan tara cikin goma na masu cutar, kuma yanzu akwai rinin CAMTA1 da ke nuna ta. Amma duk wannan ilimi yakan mutu a cikin kwalba. Idan aka jiƙa ƙashi a asid mai ƙarfi don ya yi laushi da wuri, ƙwayoyin gadon sun lalace, rinin ma ba ya kamawa yadda ya kamata. EDTA ya fi jinkiri, amma yana barin shaida da ranta. Kwanakin da ake ganin an rage da asid, majiyyaci ke biyan su da sake ɗiba.

Himanjiyomar ƙashin baya kuwa ba baƙuwa ba ce. Ana samun ta a kusan mutum ɗaya cikin goma idan aka binciki gawarwaki, kuma galibinta a ƙyale ta kawai. 'Yar kaɗan da ke danne laka ita ce damuwata, domin a wajenmu duk ƙashin bayan da ya lotsa tarin fuka ne har sai an ga akasi. Sai a ɗora mutum kan maganin tibi wata da watanni ƙafafunsa na shanyewa. Tibi yakan ci faifan da ke tsakanin ƙasusuwa biyu, himanjiyoma takan bar shi, kuma a hoton CT tana fitowa da ɗige-ɗige kamar zanen zabuwa. Idan za a buɗe ta, a fara toshe jijiyoyin da ke ba ta jini.

Magani ba shi da tsawo. EHE guda ɗaya, a cire shi da faɗi. Idan yana wurare da yawa kuma ya yi shiru, matsayar da masana suka fitar a 2021 ta amince a sa ido tukuna. Allurar sankara da muka saba ba ta cika yi masa komai ba, sirolimus ne likitocin Milan suka ga yana tsayar da shi a wasu. Anjiyosakoma sai tiyata mai faɗi, gashi, da paclitaxel ko doxorubicin, kuma duk da haka sakamakon ba daɗi.

Za a ce mini cutar ba ta da yawa, ga haɗarin mota ga sikila sun cika gadaje. Ƙarancinta ne ma dalilin tara ta wuri ɗaya, tunda likitan da zai gan ta sau ɗaya a rayuwarsa ba zai taɓa ƙwarewa a kanta ba. Za a kuma ce masu ɗori ke riƙe mutane har lokaci ya ƙure. Suna riƙewa. Amma mai ɗori bai taɓa tsaga cinya a kwance ya jefa nama a asid ba. Wannan aikin masu farar riga ne.

Buƙatata ba sabon gini ba ce, kuma ba wata na'urar da za a yanke kyalle a kanta. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala, muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya. A ware rana guda a mako da likitan fiɗa, mai karanta hoto, mai duba tsoka da likitan sankara za su zauna kan majiyyaci ɗaya. Likitan ƙaramin asibiti da ya ga rami a ƙashi bai gane shi ba, ya yi hoto, ya ɗaure gaɓar, ya turo, kada ya taɓa. Wanda ya riga ya ɗiba, ya haɗo majiyyaci da gilasan gwajin da dunƙulen kakin da naman ke ciki, ba takardar sakamako kaɗai ba. Masu riƙe da kasafi kuma su sa kuɗin EDTA da rinin CD31 da ERG a layinsu na kansu, yadda ba za a karkatar da su zuwa man janareto ba.